Wankan Shafi na Talatin da Ɗaya

Liyon, 9 ga Janairu

Yaya Shadliyya,

“Ke ce sabuwar likitar? To ki faɗa musu gishirin gidan nan ya yi kaɗan.” Da wannan Umma ta tarbe ni ran Juma'a, ina tsaye ko akwati ban ajiye ba. Kina wurin, kin ji. Kika duƙa kina gyara mata ɗankwali kamar kunnenki ya toshe.

Na san za ki ce na fara wasiƙa babu gaisuwa, irin ta 'yan boko. To ina gaisuwa. Ya gwiwarki? Ya sanyin teku? Ni lafiya lau, sai ɗan tari da na kwaso a jirgi. Na rubuto ne maimakon in kira, don a waya “alhamdu lillahi” kawai kike ba ni har mu yi sallama.

Kwana uku na yi a gidan tsofaffin nan naku, ina zaune gefen gadon matar da ta haife ni. A idonta na zama likita, na zama matar maƙwabci, ranar ƙarshe na samu ƙarin girma na zama mai duba mitar wuta. Ke kuwa da ta ji ƙarar silifas ɗinki a baranda sai ta ce, “Ga Shadliyya nan.” Ba ta taɓa kuskure ba. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya. Shekara shida ina karatun ciwon mantuwa, na san bayanin abin, har zane zan iya yi miki a allo: fuskar da ake gani kullum ita ke zama. Sanin bayanin bai hana ni ƙirgawa ba.

Ba kuma sabon abu ba ne. Tun da aka kawo ki gidanmu daga ƙauye kina da shekara tara, aka ce mana ke jikar ƙanwar kakarmu ce, ke ce mai riƙe wa Umma buta duk gidan da mace ta rasu aka kira ta wanka. Ni kuwa a rufe ni a ɗaki da littafi, a ce hannuna na alƙalami ne.

Ga ainihin maganar. Ƙungiyar da ke riƙe da gidan ta kafa sabuwar doka. Duk ma'aikacin da ke taɓa tsoho ko tsohuwa sai ya yi horon awa arba'in a kan ciwon mantuwa, ya kuma ci jarrabawa a rubuce ƙarshen Maris. Wanda bai ci ba za a mai da shi kicin ko ɗakin wanki. Shugabarku Madam Insaf za ta sanar da ku. Na riga ta ne don littafin horon ni na rubuta musu, ga kwafi a cikin ambulan. Shekararki goma sha huɗu a hammam, gidan wankan unguwa, kina cuɗa bayan mata, bakwai kuma a nan. Shafi sittin ba zai gagare ki ba.

Ki sumbaci kan Umma. Ki ce likitar ce ta aiko.

Dalanda

*

Mahdiyya, 25 ga Janairu

Ƙanwata Dakta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan tarin ya sake ki. Ki riƙa shan zuma da man zaitun kafin ki karya, na san za ki yi tsaki, ki sha dai. Gwiwa tana nan, ita da ruwan sama sun ƙulla ƙawance. Ummanki, Inna Duja, lafiya. Ran Lahadi ta ci kuskus da kifi har tana zare ƙaya da kanta, ta kuma zagi mai dafawa, kin san da sauƙi ke nan.

Kada ki sa damuwa a ranki. Tun da kika tafi ba ta neme ki ba ko sau ɗaya, hankalinta kwance.

Na fara ajin naku. Bayan la'asar ake zaunar da mu a ɗakin cin abinci, wata malama ta haska bango. Wai abin da muke cewa gigin tsufa iri-iri ne, kowanne da sunansa na Faransanci. Na ce, “Malama, ni tsofaffina iri biyu ne, masu cizo da masu tofi.” Kowa ya yi dariya ban da ita. Amma gaskiya littafinki akwai abin kirki. Inda kika ce kada a tsaya a bayan tsoho a yi masa magana, da inda kika ce kada a yi musu da shi, haka yake. Na nuna wa kowa sunanki a bango, na ce wannan ni na goya ta.

Sai dai abu biyu. Na farko, kin san a aji huɗu aka cire ni daga makaranta. Karatu ina yi a hankali, rubutu kuma ga shi kin gani, wasiƙar nan kwana uku ta ci. Jarrabawar awa ɗaya ce, rabinta da Faransanci. Madam ta ce idan wadda ta rubuta littafin ta aiko takarda, za a iya yi mini tawa da baki. Layi biyu ne kawai, Dalanda.

Na biyu, wankan da ke shafi na talatin da ɗaya. A yi wa kowa idan ana so, ban da Inna. Ba zan rubuta dalili ba, ba maganar da ake haɗa mai rai da ita a takarda ba ce, kuma ita da kanta ta hore ni da kame baki. Ki sake karanta shafin kina tuna ko ke 'yar wace ce. Ni ranar Alhamis nake mata wanka, tana zaune kan 'yar kujera, da bokiti biyu da tasarta ta tagulla. Ina cuɗawa ina ba ta labarin matan unguwa. Yawancinsu sun daɗe a ƙasa, amma a wurinta jiya suka yi faɗa. Idan an gama sai ta sha lemo.

Na sumbaci kanta. Ban ce likita ba, na ce Dalanda. Ta ce to.

Yayarki,
Shadliyya

*

Liyon, 12 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Tari ya tafi ba tare da zuma ba.

Na gode da labarin cewa ba ta neme ni ba ko sau ɗaya. Rubutun da kike kuka da shi ya fito tsaf a wannan layin, ko ɗigo bai ɓace ba. Na kuma sake karanta shafi na talatin da ɗaya ina tuna ko ni 'yar wace ce, tunda kin ga ina bukatar tuni.

Bari in yi miki bayaninsa, ko malamar ta yi sauri. Masu wannan ciwon suna tsoron ruwa mai zubowa daga sama, suna tsoron hayaniya, suna jin kunyar tsiraici. Don haka ake barin tsohuwa a kwance a gadonta, a lulluɓe ta da babban farin tawul mai ɗumi daga wuya zuwa ƙafa. Mata biyu su sa safar hannu su riƙa gogewa ta ƙarƙashi, ba buɗewa, ba kallo, murya ƙasa-ƙasa. Wannan ba ni na ƙirƙira ba. Abin da na ƙara nawa shi ne wanda Turawa ba su sani ba, don girmama al'adarmu: a fara da bisimilla, a fara da ɓangaren dama, kowane wuri sau uku. Malamina ya karanta wannan sakin layin a gaban mutum arba'in, ya ce haka ake so ilimi ya sa kayan gida.

Ki kwatanta da bokiti biyu, da daɓe mai santsi, da mace mai shekara tamanin da ɗaya. Idan ƙugu ya karye, labarin matan unguwa ba zai ɗora shi ba.

Maganar takarda kuma, ba zan rubuta ba. Ni na dage a kafa dokar nan, don na ga gidajen da ake ɗaure tsofaffi a kujera saboda babu wanda ya koya wa ma'aikata komai. Idan na fara da nema wa 'yar'uwata sauƙi, da wane baki zan yi magana gobe? Ki dage, akwai sauran mako shida.

Kuma ko da abin bai yiwu ba, wataƙila zai yi wa Umma kyau ta saba da wasu hannuwan. Ba a so mara lafiya ya ɗamfaru da mutum ɗaya. Yana nan a shafi na sha biyu. Kada ki ce ai ni na rubuta shafin. Na sani.

Dalanda

*

Mahdiyya, 4 ga Afrilu

Dakta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Inna ma lafiya.

Na daɗe ban rubuto ba don ina karatu. Na faɗi. Tambaya talatin, na kai ta goma sha ɗaya aka ce a ajiye alƙalami. Waɗanda na amsa duk daidai ne, malamar ma ta faɗa.

Tun ran Litinin ina ɗakin wanki. Ba laifi, akwai ɗumi, gwiwa tana so. An sayo manyan fararen tawul guda ashirin, ni ke ninke su. An hana ni shiga ɓangaren masu kwana, Madam ta ce idan mutanen ƙungiya suka zo suka gan ni ita za a kama. Na yi mata maganar shafin nan. Ta ce, “Shadliyya, 'yar da ta haifa ce ta rubuta, ke ko kin fi ta sonta?” Na koma ga ninkin tawul.

Layin da ya ɓata miki rai, na rubuta ne don ki samu barci. Na ɗauka abin da ke damun mutum a nesa shi ne a ce uwarsa tana kuka tana kiransa. Ban yi karatu ba, ban san akwai wanda ya fi wannan ciwo ba.

Shadliyya

*

Mahdiyya, 15 ga Afrilu

Dalanda,

Na kira ki sau uku ba ki ɗauka ba. Na roƙi Madam ta ɗauki hoton takardar nan ta tura miki, don gidan waya zai yi jinkiri. Lafiyata ƙalau. Inna ce.

Ran Asabar aka yi mata wankan farko. An ce ba ta yi faɗa ba, ba ta yi cizo ba, ta kwanta shiru, har aka rubuta a takarda cewa an yi nasara. Tun ranar ba ta ci komai ba. Yau kwana huɗu, sai ruwan da ake ɗiga mata. Idan aka kai mata kunun dawa sai ta ce a kai wa mutanen da ke zaune a tsakar gida. Likita ya duba ya ce ba zazzaɓi, ba ciwon baki. Yana maganar sa mata roba ta hanci.

Jiya na zagaya ta bayan taga na kira ta. Ta ji ni. Ta ce, “Sai yanzu?” ta rufe ido.

Ba na roƙon ki komai don kaina, ki bar ni a wanki har in mutu. Ki zo ki tsaya a ɗakin ki ga shafinki da idonki.

Shadliyya

*

Mahdiyya, 17 ga Afrilu

Yaya Shadliyya,

Ina gaisuwa. Ya gwiwa, bayan gudun da na sa ki yau? Ni lafiya ta jiki dai akwai. Ina rubuta wannan a tsohon gidanmu, a teburin da ake rufe ni da shi. Gari ɗaya muke, amma akwai abin da ba zan iya faɗa ina kallon fuskarki ba, za ki fara gyara mini ɗankwali.

Ba ki san abin da ya faru kafin in faɗo miki ɗakin wanki ba. Da na iso da safe na ga Umma, ta zama kamar rabinta. Na ce wa Madam a yi wankan a gabana. Na ɗauka ma'aikatan ne ke kuskure, na zo da alƙalami in gyara musu. Ba su yi kuskure ba, Yaya. Ban taɓa ganin an bi rubutuna sau da ƙafa haka ba.

Da Umma ta hango farin tawul sai ta miƙe ƙafafu da kanta, ta haɗa su, ta shimfiɗa hannuwa a gefe, ta rufe ido. Suka yi bisimilla a hankali, suka fara da dama. Na ji daɗi, har na sa alama a takarda. Sai ta yi magana, ido a rufe, da wata murya da ban san tana da ita ba, ta mai koyar da aiki.

“Kun tsallake alwala. Wa ya koya muku?”

Suka kalle ni. Na yi musu alama su ci gaba.

“Ruwan ƙarshe da kafur ake yi. Babu kafur a gidan nan? Kai, Duja, shekara talatin kina wanke matan garin nan, ki ƙare a hannun waɗanda ba su san kafur ba.”

A nan alƙalamin ya tsaya. Ni ban taɓa ganin wankan gawa ba, ko sau ɗaya. Na zauna a ɗakin karatu a Liyon na tsara shi daki-daki, na ƙara masa dama da sau uku don girmama al'ada, aka tafa mini. Duk wata mace a unguwarmu da ta karanta shafin nan za ta gane shi tun a layi na biyu. Umma ba ƙin abinci take yi ba. An wanke ta, tana jiran masu ɗauka, kuma ita ba mai saɓa ƙa'ida ba ce.

Ba ta gama ba. Ta ce, “Ku kira Shadliyya, na bar wasiyya ita za ta zuba mini ruwa.” Wannan na yi tsammani. Sai ta ɗaga yatsa ta ƙarƙashin tawul.

“Dalanda kuma kada a bar ta ta shigo. Gobe tana da jarrabawa. Yarinyar nan idan ta ga gawa ba ta barci.”

Shekara uku ban ji sunana a bakinta ba. Ina tsaye taku biyu da kanta.

Sauran kin gani. Kin ga yadda na shigo miki babu sallama, kin ga fuskar Madam da na ce dokar tawa ce, yau na ɗaga ta. Amma ba ki ga kanki ba, bari in ba ki labari. Kika banko ƙofa da bokiti biyu kina ɗingishi, kika fizge tawul ɗin nan kika yar, kika ce, “Inna Duja! Har yanzu kina kwance? Alhamis ce fa! Matar mai burodi ta riga mu hammam, ta kame wurin da ke kusa da ruwan zafi, ita da 'ya'yanta mummuna!” Duk abin da na hana a shafi sittin kin yi shi a numfashi ɗaya. Umma ta buɗe ido ɗaya ta ce, “Wannan ƙazamar? A wurina?” Ta nemi takalmi.

Na bi ku har banɗaki ina riƙe da tasar tagulla, tunda babu wanda ya ba ni wani aikin. Na ga kin shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa don santsi, kin sa gwiwarki mai ciwo ta tokare ƙugunta. Abin da na yi miki wa'azi a kansa kin daɗe da maganinsa, ban dai taɓa tambaya ba. Kika fara da ƙafar hagu, da gangan, na lura. Ta ce ruwan ya yi zafi, ta ce hannunki kamar na mai sassaƙa, ta ce uwarki ba ta koya miki komai ba. Da kika ɓare lemo ta karɓe ta ce ba haka ake ɓarewa ba. Ta sha ɓari huɗu. Na ƙirga. Ƙirga ce dai abin da na iya.

Takardar Madam na rubuta, layi biyu ne kamar yadda kika ce. Za a yi miki jarrabawa da baki ran Litinin. Na sake rubuta shafi na talatin da ɗaya, na sa a sama cewa kafin a wanke kowace tsohuwa a tambayi wanda ya san ta me hannunta ya yi a duniya. Na kuma nemi a ba ki awa ɗaya cikin arba'in ɗin nan ki koyar. Kada ki yi musu maganar masu cizo da masu tofi. Ko ki yi, ban sani ba.

Ba don doka na hana ki takardar nan a Fabrairu ba. Dokar tana da kyau, har gobe zan kare ta. Na so ne a wayi gari silifas ɗinki ya daina bi ta barandar nan, in ga ko za a samu wuri. Kwana biyar na yunwarta a kaina suke. Kuma kada ki ɗauka na warke. Ke ta ba buta, ni ta ba ƙofa a rufe, kuma yau na ji da kunnena cewa ƙofar ma so ce. Na ji, na yarda, amma har yanzu butar nake so.

Gobe zan zo da lemo. Idan likita nake, to likita.

Akwai abu ɗaya da bayanki yake juye ba ki gani ba. Da kika fara wanke mata gashi, ta ɗago ta ganni a bakin ƙofa da tasa a hannu. Ta dube ni sosai. Ta ce, “Baiwar Allah, ajiye tasar nan ki ja mana ƙofa, iska tana shigowa.”

Na ajiye inda hannunki zai kai. Na fita, na ja ƙofar a hankali har ta kama. Ina jin ku ta ciki, ke kina cewa ta sunkuya, ita tana cewa ba ki isa ba. Na ɗauki jakata a ofishin Madam na sauka ta hanyar teku.

Ƙanwarki,
Dalanda